Ranar da Durgun Kajina Suka Nuna Mini Hanya

Ko yanzu da furfura ta cika mini kai, ranar nan tana nan daram a raina, ba na jin kuma za ta taɓa fita. A shekarar da Nasara suka ɗebi mazan garinmu Kutemeshi aikin hanya ne, har da maigidana. Aka bar ni da Inna, uwar mijina, da 'yata ta fari wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Kaji iri biyu ne a gidan. Na Inna dogayen kajin Fulani ne, nawa kuwa durgu, masu gajerun ƙafafu, daga gidanmu na zo da su. Akurki ɗaya suke kwana, amma da an buɗe musu kowa sai ya kama danginsa. Ni da abu kaɗan ke tayar wa hankali, gani nake baƙuntata ce ta shafi kajina. Na sha watsa musu tsaki wuri guda don su haɗu. Inna ta yi ta dariya, ta ce in bar wahalar da kaina. Dogayen kajin nisa suke yi, durgu ba su iya cim musu, ga sara wurin ci. Kaza, in ji ta, wadda tafiyarsu da kukansu suka zo ɗaya take bi.

Ran nan da hantsi ina surfe, na waiga ban ga yarinyar ba. Inna ta nufi rijiya tana kiran sunanta, matan maƙwabta suka bazu bakin hanya. Ni ko tsaye nake riƙe da taɓarya. A zamaninmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta yi masa kuka a gaban suruka. Ga kuma daji a bayan danga.

Sai idona ya kai gindin rumbu. Dogayen kajin suna nan suna tono, durgu ko ɗaya babu. Na tuna kullum su yarinyar take bi, don su kaɗai tafiyarta ke iya kamowa. Su kuma ba sa rabuwa. Tunda bakina ba zai kira 'yata ba, na ɗebi tsaki na shiga kiran kaji.

Can wata durgu ta kutso ta ɓarakar danga. Na bi ta inda ta fito, Inna na biye da ni. A bakin daji, gindin wata ɗorawa, muka tarar da sauran sun kewaye suri suna tsintar gara. Yarinyar na zaune a tsakiyarsu, baki duk ƙasa.

Ban iya matsawa ba. Inna ce ta ɗauke ta, ta kakkaɓe ta, ta dube ni, sannan ta kau da kai.

"Ke, karɓi kayan nan," in ji ta. "Bayana ciwo yake."

Na karɓi 'yata na goya ta, na ɗaure zanen tam.

Tun daga ranar ban sake tilasta wa kajin nan cuɗanya ba, tsakinsu ma daban nake zuba musu. Na gane Allah bai haɗa iri da irinsa a banza ba, kuma halin da kake ƙoƙarin gyarawa a jikin wata halitta, wata rana shi zai fisshe ka.