Ƙafar da ta Taka Teku

A shekarar da fari ya kai mu ga yin taimama, yayana ya tafi Ikko neman abinci, daga can ya sami aiki a jirgin ruwa. Wata bakwai ba labarinsa. Inna ta daina cin tuwo sai an matsa mata.

Ran nan wasiƙa ta zo da ajami, rubutun hannunsa. Na zauna a gindin rumbunmu da ba komai ciki, na karanta mata.

Ya ce jirginsu ya shiga wata gaɓa can ƙarshen arewacin duniya, teku ta daskare ta riƙe shi. Ƙanƙara ce shimfiɗe kamar fako, iya ganin ido. Wasiƙar ma da ƙafa aka taka kan teku aka kai ta gari.

Inna ta ce, "Sake karanta wurin nan."

Na sake.

"A kan ruwa? Yaron nan tun yana ƙarami akwai ƙarin gishiri."

Mu ƙanƙarar da muka sani mai faɗowa da ruwan sama ce, ba ta fi tsakuwa ba, kafin ka kai ta baki ta narke.

Yayana ya ce tsofaffin ma'aikatan jirgin sun gaya masa a cikin teku akwai koguna masu tafiya, ba a ganinsu. Wani mai sanyi ne, shi ke turo ƙanƙara ya jibge ta a gaɓa. Wani mai ɗumi ne, daga ƙasashen zafi irin namu yake tasowa, yana cin ta ta ƙasa. In ya karkato wajensu, sun fita. In bai karkato ba, ga abincinsu yana raguwa.

Inna ta ce, "Ashe zafin nan namu akwai inda ake jiransa."

Ranar da gari ya fita roƙon ruwa, kowa sama yake duba. Ita kuwa ruwa biyu ta roƙa, na sama domin gero, na ƙasa domin ɗanta.

Bayan girbi, wanda bai kai rabin rumbu ba, sai ga sallamarsa, duk ya rame. Ya ce wata safiya suka ji ƙara kamar aradu daga ƙarƙashin ƙafarsu, ƙanƙarar ta tsage, baƙin ruwa ya bayyana yana tururi, jirginsu ya sami hanya.

Inna ta daɗe riƙe da hannunsa tana tasbihi. Sannan ta ce, "Cire takalmin nan in ga ƙafar da ta taka teku."