Ranar da Na Cire Sambo Daga Hoto

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin mujalla, rana ɗaya ce ta ƙi barin raina har yau, ranar da na sa reza na cire mutum daga hoto. Ku da kuka zo bayanmu kun sha tambayata abin da ya sa nake tsananta muku a kan yankan hoto da ɗan rubutun da ake sawa a ƙarƙashinsa. Ga dalilin.

Shekara biyu ke nan bayan an canja kuɗi daga fam zuwa naira. Ina aiki da wata ƙaramar mujallar Hausa a Kano, mai fitowa wata-wata, wadda rabinta labarin makaɗa da mawaƙa ne. Muƙamina mataimakin mai tsara shafi, amma wanda nake wa mataimaki ya bar aiki tun bara ba a maye gurbinsa ba. Da yake kuma ba mu da yawa, ni ne mai ɗaukar hoto. A samana akwai Edita. Abin da ya ce shi ake bugawa.

Wata Litinin da damina ya kira ni ofishinsa.

"Malam Habu, kai mutumin Gumel ne ko?"

Na ce, "Na Gagarawa ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Duk ɗaya ne. Wani direba ya ba ni labarin wani makaɗin noma a Ɗanzomo, Ilu sunansa. An ce har daga Damagaram ake aiko masa goron gayyata. Ka je ka ɗauko mana shi. Shafukan tsakiya zan ba shi."

Ga wanda bai san aikin ba, shafukan tsakiya su ne guda biyun da suke kan takarda ɗaya idan ka buɗe mujalla daidai rabi. A nan kaɗai hoto zai iya ƙetarawa daga hagu zuwa dama bai tsinke ba. Su mutane suke ɓallewa su liƙa a bangon shago. Aka ba ni fim naɗi biyu, kowanne hoto goma sha biyu, da littafin rubutu. Tsarinmu shi ne ni in ɗauko hoto da bayani, Edita ya rubuta labarin.

Na kwana a Gumel gidan kawuna, ranar Alhamis na wuce kasuwar Maigatari, don an ce a can zan same shi. Na kuwa same shi kusa da kara, inda ake sayar da shanu, mutane sun yi masa da'ira. Dogo ne, kyakkyawa, mai wushirya, ganga rataye a kafaɗarsa. A gefensa akwai wani dattijo makaho, fuskarsa duk zanen agana, ya ɗora hannu a kafaɗar Ilu. Da farko na ɗauka jagora ake yi masa. Da na daɗe a tsaye sai na lura, kafin kowane sabon baiti dattijon yakan sunkuya ya yi raɗa a kunnen Ilu, sannan Ilu ya ɗaga murya ya rera.

Da suka huta na gabatar da kaina. Ilu ya yi dariya ya ce, "Malam, ni hannu ne kawai da maƙogwaro. Waƙa ta Yaya Sambo ce. Tun ina ƙarami shi yake yi ni nake faɗa."

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sambo ya girme shi da kusan shekara ashirin, shi ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. Muryarsa ta dushe tun ciwon da ya ɗauke masa ido, shi ya sa ba ya rerawa da kansa.

Sambo ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin muryata. "Mai hoto, abin nan naka mutum ɗaya yake ɗauka ko biyu?"

Na ce, "Ko goma ne yana ɗauka, Baba. Ku biyu za ku fito, da sunan kowa. Na yi maka alkawari."

Ya ce, "To madalla. Ni ba gani zan yi ba, amma jikokina za su gani."

Ranar Asabar akwai gayyar maimai a wata gona gabas da Ɗanzomo. Na kwana biyu a zauren Sambo, matarsa tana aiko mini da fura da tuwon gero. Da hantsi muka isa gonar. Gero ya kai gwiwa, an yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi. Manoma sun jeru da hauya, Ilu yana tafe a gabansu da baya-baya yana kiɗa, Sambo yana dafe da shi. Kyamarata irin wadda ake riƙewa a ƙirji ce ana leƙawa ta sama, don haka sai na durƙusa tsakanin kunyoyin gero na ɗauko su daga ƙasa, gajimare a bayansu.

A nan na fara jin waƙar fari. Sambo ya yi ta ne bayan farin da aka yi shekarun baya kaɗan. A ciki ya ambaci rijiyoyin da suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, da masu shanun noma da suka sayar da su a Maigatari, da waɗanda suka tafi ci-rani ba su dawo ba, kowa da sunansa. Da aka zo kan wani suna, wani magidanci ya tsaya da noma ya jingina da ƙotar hauya. Daidai lokacin Sambo ya sunkuya kunnen Ilu, Ilu ya ɗaga kai baki buɗe. Na danna. Ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan ba, ko kafin nan ko bayan nan.

Da na koma Kano na shiga ɗakin duhu na wanke fim ɗin. Cikin ashirin da huɗu, bakwai suka yi kyau. Sannan aka zo tsarin shafi. A lokacin babu na'ura mai yi maka komai. Farin kwali muke shimfiɗawa girman shafi biyu, mu ja layuka da rula da shuɗin fensir. Rubutu yana zuwa daga wurin masu zubin haruffa a dogayen tsiraran takardu, sai ka yanka da reza ka liƙa da gam, layi-layi. Hoto kuma ka auna girman da kake so, ka yi alamar inda za a yanke, kafin a kai wa masu yin farantin bugu.

Kwana uku na yi a kan kwalin nan. Na shimfiɗa babban hoton ya ƙetare shafi biyu, Ilu a hagu, Sambo a dama. Na auna yadda ninkin tsakiya da wayoyin ɗinki za su faɗa a kan gangar, kada su taɓa fuskar kowa. A ƙasa na jera ƙananan hotuna uku: manoma a jere, hannun Ilu riƙe da makaɗin ganga, da Sambo zaune a zaurensa. Na bar wa kanun labarin fili a sararin samaniyar hoton.

Edita ya zo ya tsaya a kaina ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɗora yatsa a fuskar Sambo.

"Wannan tsohon fa?"

Na ce, "Wansa ne, ranka ya daɗe. Shi yake yin waƙoƙin. Yana cikin bayanin da na ba ka."

"Na gani. To ka saurara. An kawo tallan rediyo da batir, rabin shafin dama suke so, a tsakiya. Mai tallan ba zai yarda a ajiye kayansa kusa da fuskar nan ba. Kuma wa zai liƙa makaho a bangon shagonsa? Cire shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi masa alkawari. Ko a mayar da tallan bangon baya?"

Ya ce, "Malam Habu, kai mataimaki ne. Ban aike ka Ɗanzomo yin alkawari ba."

Sau ɗaya na yi musu, ban ƙara ba. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ɗauka na yi wani yaƙi. Matata tana da tsohon ciki, kuma ina jiran a tabbatar da ni a kujerar mai tsara shafi. Na wanke wani kwafin hoton, na ɗora rula tsakanin 'yan'uwan nan biyu, na ja reza. Sai ya rage hannun Sambo a kafaɗar Ilu, yatsu huɗu ba mai su. Na dama fenti fari da baƙi har ya yi daidai da launin rigar, na bi yatsun da ƙaramin buroshi. Daga azahar har la'asar sakaliya ina yi. Ƙaramin hoton zauren ma aka cire, aka sa na kasuwa. Da Edita ya gani ya ce bai san hannuna ya faɗa haka ba.

Labarin da ya rubuta ban gan shi ba sai a bugun gwaji. Babu sunan Sambo ko sau ɗaya. A sakin layi na biyu an rubuta cewa Ilu shi yake ƙirƙirar waƙoƙinsa, kuma waƙar fari ta zo masa ne yana tsaye bakin busasshiyar rijiya. Na nuna wa Edita layin. Ya ce mai karatu gwani ɗaya yake so, ba biyu ba. Na sa hannu a gefen takardar, alamar na duba, aka buga.

Al'adarmu ce a kai wa wanda aka yi labarinsa kwafi biyar. Na so in ba direba, Edita ya ce ni zan kai, in biya ta Gumel in ga mai sayar mana da mujalla. Na isa Ɗanzomo gero ya fara fitar da kai. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, mutane suka taru. Mujallar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu. Da farko ana ta murna, can sai hayaniyar ta ragu. Ilu ya riƙe nasa kwafin ya kasa ɗago kai.

Sambo ya ce, "Mai hoto, ta wane gefe nake?"

Na ce, "Baba, ba ka fito ba. Wuri ne ya yi kaɗan."

Ya ce, "Wuri." Sannan ya ce, "To ba komai. Karanta mini rubutun, in ji yadda aka faɗi sunana."

Na fara karantawa. Da na doshi sakin layi na biyu na yi niyyar tsallakewa, amma wani malamin gona yana zaune kusa da ni da nasa kwafin, yana bi da yatsa. Na karanta yadda aka rubuta.

Sambo ya juya wajen ƙanensa. "Ilu, kai ka faɗa masa haka?"

Ilu ya ce, "Wallahi Yaya, ban faɗa ba. A gabanka na ce masa waƙa taka ce."

Na yi sauri na ce, "Gaskiya ya faɗa, Baba. Ba shi ba ne. A ofis aka canja."

Sambo ya ce, "Ofis bai zo Ɗanzomo ba. Ofis bai kwana a zaurena ba. Kai ka zo."

Bai ɗaga murya ba. Ya lalubi sandarsa ya miƙe. Ilu ya matso ya ba shi kafaɗa kamar kullum, Sambo ya ce bari, ya san hanyar gidansa.

Da na koma na rubuta gyara layi uku na kai wa Edita. Ya ce mujalla ba ta ƙaryata kanta a kan makaɗin ƙauye. Fitowar nan ta ƙare a kasuwa cikin mako guda, kuma kafin ƙarshen shekara aka tabbatar da ni mai tsara shafi.

Sauran labarin a tashar motar Gumel na ji shi, bayan shekara huɗu, daga bakin Ilu. Na same shi zaune da faifan goro, ya rame. Ya ce bayan fitowar mujallar an aiko daga Kano ana gayyatarsa a ɗauki muryarsa, shi kaɗai. Ya ce ba zai je ba sai da wansa. Sambo ya ce ya tafi, ai takarda ta riga ta ce shi ne mai waƙa. Ya je, ya rera tsofaffin, aka yi ta kiransa biki kusan shekara biyu. Da aka fara neman sababbi ba shi da ko ɗaya. Sambo kuwa ya koma wurin 'yarsa a Sule Tankarkar yana tufkar igiya. Bai yi fushi da kowa a fili ba, suna gaisawa, amma bai sake raɗa wa Ilu baiti ba har ya rasu.

Ilu ya ce, "Har yanzu ana sa waƙar fari a rediyo, a ce tawa ce. In na ji sai in tashi daga wurin." Sannan ya tambaye ni, "Malam Habu, hoton nan na asali, wanda muke mu biyu, yana nan? 'Ya'yansa suna tambaya."

Na ce zan duba. Na kuwa duba. Da muka canja ofis an zubar da akwatin tsofaffin fim da kwalaye, don Edita ya ce suna tara gara. Ban sake bi ta tashar nan a ƙafa ba.

Abin da na koya a aikin nan ba mai daɗi ba ne. Wanda yake cewa a yanke ba ya taɓa zama a tabarmar waɗanda aka yanke. Mai kyamara ne yake cin tuwonsu, shi yake yin alkawari, shi kuma yake komawa ya karanta musu abin da aka buga. Kuma abin da ya shiga takarda ya fi ƙarfin shaidar gari guda, don duk Ɗanzomo sun san wanda ya yi waƙar nan, saninsu bai gyara layi ɗaya ba. Na daɗe ina ɗora laifin a kan Edita, yana da nasa kason kuwa. Amma shi magana ya yi ya koma kujerarsa. Ni na auna, ni na yanka, ni na goge, na kuma karɓi ƙarin girma. Don haka in aka ce ku cire wani daga shafi, ku fara tambayar ko wane ne shi. In kun san ba za ku iya zama gabansa ku karanta masa ba, to kada ku sa hannu a bugun gwaji.