Jan Karan Dafi

Mahaifinmu yana da makarantar allo a zauren gidanmu, a wani ƙauye kudu da Malumfashi, tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan. Mu biyu ne manyan ɗalibansa, ni da ƙanena. Na girme shi da shekara uku, na kuma riga shi sauka. Amma shi Allah ya ba shi hannu.

Idan yaro zai yi sauka, akan shafe allonsa da farar ƙasa, a yi masa zayyana da launi. Wata kaka, bayan an gama yankan dawa, Baba ya ce ƙanena ya riƙa zama da yara bayan la'asar yana koya musu. Ni kuma aka bar mini haɗa tawada.

Ina daga bakin murhu ina jinsu. Yakan feƙe alƙalamin kara, ya kama hannun yaro su ja layi tare.

"Kai, wannan layi ne ko hanyar tururuwa?" in ji shi. Sai su fashe da dariya, har wanda aka yi wa tsiyar. Suna ce masa Malam Ƙarami. Ni kuwa sunana Yaya mai tukunya.

Ja daga karan dafi ake samunsa. A jiƙa shi, a tace, a zuba ƙaro don ya kama allo. In babu ƙaro, launin zai yi kyau a ido, amma da ya bushe sai ya zama gari. Da saukar ɗan maƙerin garinmu ta matso, na haɗa jan, na ɗauki ƙaron, na mayar da shi cikin ƙwarya ban zuba ba.

"Yaya, ya yi?" in ji ƙanena.

"Ya yi," na ce.

Bai ko taɓa da yatsa ba. Ya karɓa ya koma wajen yara. Kwana huɗu suka yi a kan allon nan, kowane yaro da kusurwarsa.

Ranar sauka yaron ya rungume allon a ƙirji, aka zaga da shi gidajen dangi. Kafin a dawo zaure, farar rigarsa ta rine, zayyanar ta dame. Maƙerin ya dubi rigar, ya dubi Baba.

Baba ya tambayi ƙanena a gaban mutane. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na yi gaggawa, Baba. Ban bari ya bushe ba." Ban san ko haka ya zata ba, ko kuwa ya gane. Ban tambaye shi ba. Baba ya ce ya koma gona har hankalinsa ya zauna, ni in karɓi yaran.

Da bazara cutar agana ta shigo gari, ta kama ƙanena. Kwanansa tara a kwance. Na zauna kusa da shi kullum, ina ba shi ruwa, ina cewa a raina gobe zan faɗa masa. Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar arba'in yara suka dawo zaure. Na zauna a kan buzu, na ja musu layin farko. Wata ƙaramar yarinya ta leƙo ta kafaɗata, ta daɗe tana kallo.

"Ba haka Malam Ƙarami yake yi ba," ta ce.

Na ce mata na sani. Na wanke allon, na sake ja.