Na Baya a Filin Sukuwa

Kakata Hajjo ba ta son doki, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. 'Yar Tibiri ce, aure ya kawo ta ƙauyenmu da ke arewa da Agiye, gidan mutumin da ya fi sanin lafiyar dokinsa a kan ta kansa. Ita ta yi ta jan ruwa a rijiya mai zurfi don dabbar ta sha, ita ke tankaɗe dusa, ita ke jiƙa kanwa. Kakanmu ya rasu tun ban yi wayo ba, ya bar turke da tsohon sirdi da babana, wanda ya gaji ciwon son doki. Amma in sanyi ya shigo, aka gama kai gero rumbu, aka hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i, rabin tatsuniyoyinta da doki a ciki.

Takan zauna ta miƙe ƙafafu, faifan aya a cinyarta, tana tsince tsakuwa da yatsu ba tare da ta duba ba. Mu jikoki mu kewaye wutar, gabanmu ya yi zafi, bayanmu ya yi sanyi. Can bayan danga dokin babana na taunar harawa yana huci. Sai ta karkata kai ta ce, "Kun ji shi? Ya cinye na yau, yana tambayar na gobe."

Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika. In muka dame ta da roƙo sai ta dube ni ta ce, "Maigida, ka ba ni izini?" In ce na bayar. Sannan ta gyara murya.

"Ga ta nan tahe bisa doki."

Mu amsa baki ɗaya, "Ta sauka ta sha ruwa!"

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta Tanko mai akawal, wato baƙin doki. A ƙasarsu, in ji ta, masu dawaki suna da al'ada. In kaka ta yi sai su riƙa kewaya ƙauyuka, kowane gari da filin sukuwarsa. Inda suka sauka turke ɗaya suke ɗaure dawaki, kwano ɗaya suke sa hannu, in dokin wani ya faɗi sauran su taru su ɗaga shi. Tanko yana cikinsu, yana ci yana sha, har ranar da Allah ya ba shi wani baƙin doki wanda in ya tashi gudu inuwarsa ma sai ta tsaya ta huta. Ya ci sukuwa a gabas, ya ci a yamma. Daga nan ya kafa turkensa can gefe, ya zo da kwanonsa.

A nan Inna, kamar yadda muke kiran kakar tamu, takan kumbura kumatu ta yi muryar Tanko: "Mi zan ci da masu cin ƙurata?"

Akwai wani tsoho a cikinsu mai goɗiya mai ɗingishi, kullum shi ke zuwa na ƙarshe. Shi Tanko ya fi yi wa dariya. Daga ranar, duk filin da ya iso sai sauran masu dawakin su kwance sirdi su koma inuwa. Ya yi gudu shi kaɗai, makaɗi bai taɓa ganga ba, mata ba su yi guɗa ba. Haushi ya kama shi, ya shiga daji neman abokin tsere. Ya tsere wa barewa, ya tsere wa jimina. Daga ƙarshe ya gamu da guguwa ya ce ta tsaya su gwada. Suka yi ta gudu har garuruwa suka ƙare, har gonaki suka ƙare, guguwa ta gaji ta kwanta. Tanko ya ja linzami ya ɗaga hannu ya yi ihu, "Na ci!"

Ba kowa a wurin sai hankaka bisa busasshen icce. Hankaka ya ce, "Wa ka ci?" Ya ce, "Iska." Hankaka ya dubi gabas ya dubi yamma ya ce, "Wa ya gani?"

Hanyar da ya yi a yini ɗaya sai da ya yi damina da rani yana komowa. Dokin ya mutu a hanya. Tanko ya iso ƙasarsu a ƙasa, sirdi bisa kai, ranar kuwa ana sukuwa. Ba wanda ya gane shi sai tsohon nan mai goɗiya. Bai tambaye shi inda ya je ba. Ya dai matsa a kan tabarma ya ce, "Zamna, tuwon bai huce ba."

"Ƙurunƙus," in ji Inna, "na kwance mata linzami, ta tahi kiwo."

Ni kuwa duk wannan bai dame ni ba, dokin nake jin tausayi, dokin nake so. Na ce, "Inna, da ni ne da akawal ɗin, ai da ban tsaya ba." Ta jefe ni da aya guda ta ce, "Kai dai maigida, ka ji gudu ba ka ji magana ba. Na baya shi ka yi ma na gaba suna."

Na girma, Inna ta rasu, babana ya bi ta, turke ya dawo hannuna. Ina noma, ina kai aya kasuwar Cadawa, abin da ya ragu doki ya ci. Na shiga ƙungiyar masu dawakin sukuwa tun ina saurayi, da niyyar in zama Tanko kafin ya shiga daji. Allah bai nufa ba. Dawakin da na riƙe duk masu hankali ne, ba mai gaggawa a cikinsu. Na ƙarshen, wani doki kili mai faɗin baya, 'yan kallo ne suka raɗa masa suna Sai Gobe, har ni ma na bi su.

Filayen namu ba wani abin kallo ba ne. Gona ce da aka girbe, samari su tone tushiyar gero, a kafa sanduna da tsummoki, a ce waccan bishiyar gawo ita ce wurin juyawa. Kyautar kuwa turmin atamfa ne, ko buhun gero, ko 'yar rediyo. Na san irin waɗannan filaye tun daga ƙauyukan Gazawa har yammacin Gidan Rumji, na san wanda yashinsa ke cin ƙafar doki da wanda ramin gafiya ya yi wa yawa. Abin da zama ɗan ƙungiya ke ba mutum shi ne, ka iso garin da ba ka da dangi, rana ta faɗi, ƙugunka kamar zai tsinke, kafin ka gama sallama wani ya karɓi ragama daga hannunka. Ka tarar da harawa a turke, ruwan wanka a bayan ɗaki. Ba a tambayarka na nawa ka zo bara.

Amma akwai gajiya. Taro ba ya ƙarewa, kullum gardamar wanda ya tashi kafin a saki tuta. Dusa ta yi tsada, harawa ta yi tsada, samari sun koma kan babur. Waɗanda muka fara tare, wasu sun rasu, wasu sun sayar. Gwiwoyina suka fara ƙara in na durƙusa. Bara, da damina ta yi mana gardama, na gaya wa matata Rabi cewa in an gama girbi zan kai Sai Gobe kasuwa, in sallami ƙungiya. A ranar miyar ta fi daɗi.

Ana cikin haka Malam Ɗan Ladi ya kira ni a waya. Shi ne mai masaukina a wani ƙauye kudu da Gidan Rumji, shekara da shekaru a zaurensa nake kwana. An daɗe ba a yi sukuwa a garinsu ba, tun da 'yan bindiga suka fara shigowa yankin. A wani hari suka kora shanun garin, suka harbe ɗansa Lawali a bakin rijiya. Lawali ya bar dukushi da ya raina da hannunsa, bai ga gudunsa ba. Yanzu dukushin ya zama doki, kuma yunwa ta sa dole a sayar da shi.

Ya ce, "Sa'idu, so nike ya shiga hili ko sau guda kahin ya bar gidan nan. Mun share gona. Jandarma sun ce za su zo su tsaya gadi. Amma masu dawakin kirki duk sun ba ni haƙuri, suna tsoron hanya."

Na ce, "Malam, ka san dokina. Ko jaki ya matsa masa sai ya wuce shi."

Ya ce, "Na san shi. Shi nika roƙo."

Ban so zuwa ba, ba zan yi ƙarya ba. Ina tsoro, kuma na gaji. Rabi ta ce, "Malam, in sun tare ku fa?" Na ce su ma ɓarayi sun san doki, ba mai wahalar da kansa a kan Sai Gobe. Ba ta yi dariya ba.

Muka tafi mu kaɗan, duk tsofaffin ƙungiya, da dawakin da ba mai kwaɗayinsu, a bayan wata babbar mota da ta kai gero ta dawo wayam. Iyayen yaran da ke hau mana dawaki sun hana su zuwa, ban kuma ga laifinsu ba, don haka kowa shi zai hau nasa. Garin da na sani da hayaniya na tarar da rabin gidajensa a rufe, danga duk ta zube. Amma da motar ta tsaya, mutane suka fito kamar daga ƙasa. Ɗan Ladi ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya karɓi ragama daga hannuna kamar yadda ya saba, ya kai Sai Gobe turke, ya ɗaure shi kusa da dokin ɗansa. A turken akwai harawa. Na san a shekara irin wannan daga bakin awakinsa ya cire ta.

Bayan la'asar aka jera mu. Wani ɗan ƙanen Ɗan Ladi ne ya hau dokin Lawali, jan doki mai farin goshi, yana ta rawa a ƙarƙashinsa. Aka saki tuta. Abin da na gani na jan dokin nan wutsiyarsa ce, ita ma ba da daɗewa ba. Sai Gobe ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ni ma na yi nawa, kowane taku ina jin sa a gwiwa da ƙugu. Ban kai gawon juyawa ba na ji ganga ta canza, na ji guɗa ta tashi, guɗar da ta daɗe a maƙogwaron matan garin. Da na iso ƙarshe ba mai kallona, duk an kewaye jan doki. Na kasa sauka, sai da mutum biyu suka kama ni.

Ɗan Ladi bai shiga cikin taron ba. Na same shi zaune a gindin danga, hularsa a hannu. Na zauna kusa da shi. Can ya ce, "Kullum da sahe ɗan ƙanena na sukuwa da dokin a bayan gari. Gudu ne kawai. Yau da kunka zo, ya ci."

Washegari muka kamo hanya lafiya. Na yi kwanaki ina sallah a zaune.

Na sayar da Sai Gobe duk da haka, don rumbu ba ya jin labari. Wani mai amalanke ya saye shi a Cadawa, ya ce yana son dabba mai natsuwa. Turken yana nan wayam, Rabi na shanya tabarma a kansa. Amma ƙungiya ban sallame ta ba. Ranar da na je da niyyar yin haka, na tarar ana gardamar tuta, na zauna in jira a gama, sai na ji bakina ya shiga ciki.

Yanzu nakan yi tunanin tatsuniyar nan in na kwanta gwiwa ta hana ni barci. Ina yaro na ɗauka labarin Tanko ne, gargaɗi ga mai girman kai. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya sa tsohon mai goɗiya yake ɗaura sirdi kowace shekara ba, alhali ya san inda zai ƙare. Inna ba ta ce yana jin daɗi ba. Ina jin shi ma gwiwarsa na ciwo, shi ma matarsa ta gaji, ya sha cewa bana ce ta ƙarshe. Sai dai an share fili, wani yana da doki mai gudu, kuma dole a sami wanda za a wuce. Na yi shekaru ina jin kunyar wannan aiki, ban san aiki ba ne.

Bana ma an aiko za a yi sukuwa a wani ƙauyen Gazawa. Zan shiga motar haya in je, ba doki, ba sirdi. Rabi ta ce, "To, yanzu kuma mi za ka je yi?" Na ce mata akwai wani yaro da ya shigo ƙungiya da doki marar gudu, kuma na san yadda bakin fili yake in mutum ya iso kowa ya juya baya. Zan je in tsaya a wurin, in kama masa linzami ya sauka.