Waƙar da Ta Raba Ni da Makullin Ruwa

Ni na koya musu waƙar, wannan ba zan musa ba. Bokona a aji biyu na sakandare ya tsaya, amma Allah ya ba ni baki. In na ɗauki jarka ina bugawa, masu dashen shinkafa mantawa suke da ciwon baya.

Lokacin ni ke riƙe da makullin ƙofar ruwan layin gonakinmu, tsakanin Kura da Bunkure. Shekara bakwai ni nake cewa yau ruwan wane ne, gobe na wane. Haushin kansilanmu nake ji, wanda ya yi alkawarin yashe kanal, ya ci zaɓe, ya ɓace. Samarinmu kuwa ko katin zaɓe ba su da shi. In ka yi magana su ce, "Baba, duk kanwar ja ce."

Sai na shirya musu waƙa. Amshinta: "Kujera aro ce, wanda ya ba ka shi ke karɓa." Ina bayarwa suna amsawa, ƙafa cikin taɓo. Kafin a yanke shinkafa da yawansu sun yi kati, har 'yan mata masu tsinkar tumatir sun ɗauki waƙar. Kaina ya kumbura.

Ranin da ya biyo baya ruwa ya yi ƙasa. Albasar surukina ta fara kwanciya, sai na sakar masa ruwa ranar da ba tasa ba. Sau biyu. To, sau uku. Mutumin da ya ba ka 'yarsa, da wane ido za ka kalle shi?

Wata safiya ina tsaye a bakin ƙofar, sai na ji jarka a bayana. Samari ne sun taho a kan gaɓar kanal, ɗan ƙanena a gaba. Waƙata suke yi, sai dai sun cire kujera sun sa makulli.

Na ce masa, "Kai, waƙar nan ta kansila ce."

"Baffa, ai ba ka sa suna ba."

"Ni na riƙe ka ranar kaciyarka, mara kunya."

"Shi ya sa muka zo da jarka, Baffa, ba da sanda ba."

Dattawa suka ce a yi layi ranar Juma'a bayan masallaci, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Samarin suka tsayar da wani malamin Islamiyya, mai gona can ƙarshen layi inda ruwa ke isa a makare. Na tsaya, na ƙi waiwayawa, don na san mutanena. Da shirun bayana ya yi yawa sai na juya. Surukina ne, da wasu tsofaffi biyu, ɗaya ma inuwar mangwaron da nake ƙarƙashi ya biyo.

Na ciro makullin na miƙa wa malam. Ya karɓa da hannu biyu, har da yi mini addu'a, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Yanzu ranar ruwana Litinin ce, an rubuta da gawayi a jikin ƙofar, ina jira kamar kowa. Albasar surukina ba ta mutu ba. Kansilan kuwa yana nan, har ya sake mota.

Kwanan baya ɗan ƙanen nawa ya zo wai zaɓe ya matso, in ƙara musu baiti. Na ce zan ƙara, amma wannan karon da suna.