Furen Jos da 'Yar Gwiwa

Ranar kasuwar Babura ce, a tsakiyar daminar shekarar da nake aji huɗu na firamare, aka ɗaure akuyata a bayan babur. An yi ruwa da asuba, ƙofar gidanmu a Kazaure duk taɓo, ni kuma ina tsaye da kayan makaranta, tsintsiya a hannu, don ranar ni ke da sharar aji. Malam Sani dillali ya haɗa ƙafafunta da igiya, ya kwantar da ita a kan buhu, ya shafa cikinta, ya ce wa mahaifina ai juna biyu gare ta. Baba ya ce ya sani, a tafi da ita. Tana kuka har babur ɗin ya sha kwana wajen injin niƙa. Laifin da aka ɗora mata shi ne wai ta ci ganyen fure. Ba ta ci ba, kuma har gobe ina iya kawo hujjojina.

Akuyar kyauta ce daga kakata ta wajen uwa, Iya, wadda ke zaune a Gwiwa. Al'adarta ce duk jika mace da ta iya ɗaura zani da kanta sai ta ba ta 'yar akuya, ta ce daga nan garkenta zai fara. Tawa ja ce mai farin goshi, muka sa mata suna 'Yar Gwiwa. Ni ke kai mata ƙasari idan Umma ta wanke gero, ni ke kwaɓa mata dusa da kanwa, idan an tashi daga makaranta kuma mu bi gefen gonaki da ƙawayena muna yankar ciyawa, mu tsaya 'yar gala-gala a hanya har ciyawar ta yi yaushi a sha faɗa. Na san yadda take cin ganye kamar yadda na san rubutun hannuna, domin sau da yawa na sha mari a kan zogalen Umma da ta fizga.

Shi kuwa furen, Baba ne ya zo da shi daga Jos, inda aka tura shi kwas daga wurin aikinsa. Ganyensa masu kauri ne, faffaɗa kamar harshen saniya, ga wani siririn reshe ya tanƙwaro ɗauke da fararen furanni. Babu wanda ya san sunansa a unguwarmu, sai aka riƙa ce masa furen Jos. Sai da na girma na ji ana kiran irinsa okid. Da Baba ya leƙa cikin tukunyar da furen ya zo a ciki ya ga ɓawon itace da gawayi maimakon ƙasa, sai ransa ya ɓaci, ya ce mutanen Jos sun cuce shi, sun sayar masa da shuka babu abincinta. Ya aika aka ɗebo baƙar ƙasar fadama daga lambu, ya sa ni na kwaso taki daga turken 'Yar Gwiwa, ya cakuɗa da hannunsa, ya danna saiwoyin ciki sosai kamar mai dashen tumatir. Sannan ya ɗora tukunyar a kan ƙaramin teburi cikin falo, dab da ƙofa, inda duk mai shigowa zai gani.

A gidanmu babu itacen da bai tashi da ruwan alwala ba. Lemon tsamin tsakar gida, da gwandar bayan ɗaki, da zogalen Umma, duk a gindinsu ake tsugunawa da buta, kuma duk sun yi kyau. Baba yakan ce, "Ruwan alwala ba ya zuba a banza." Saboda haka da damina ta kankama, aka daina fita waje idan ana ruwa, sai furen Jos ya gaji wannan alheri. Baba ya sauke tukunyar ƙasa ya yi alwala a kanta, abokansa na hirar yamma su bi layi, wanda ya ci goro ya kurkure baki a ciki, wanda ya sha shayi ya juye ragowar. Ba da mugunta suke yi ba, kowa gani yake taimakon shukar yake yi. Ruwan kuwa sai ya taru a tsakiyar ganyen, inda suka haɗu kamar mazurari, ya kwana a nan, ya wuni a nan, a ɗakin da iska ba ta ratsawa.

Ni ke share falon kowace safiya, don haka ni na fara ganin tabon. Daga gindin ganye ya fara, ɗan ɗigo mai ruwa-ruwa, ya yi duhu, ya yi rawaya a kewaye, idan na danna da yatsa sai ya lotsa kamar ruɓaɓɓen tattasai. Furannin suka zube. Sannan wata safiya na tarar da ganye guda a ƙasa, kore shar daga sama, baƙi daga gindi, yana wani ɗoyi kamar tsohon ƙasari. Bakinsa lafiya lau, babu yaga, babu sawun haƙori. Akuya fizga take yi daga baki, ta bar gefen a tsattsage, kuma abin da ta tsinka haɗiye shi take yi, ba ta ajiye wa mai shara. Ban da haka, da damina 'Yar Gwiwa a ɗaure take wuni saboda gonakin mutane, ƙofar falon ma ta raga ce mai sakata.

Ganye na biyu ya faɗi ne a gaban baƙi. Alhaji Ado, babban abokin Baba, ya ɗauka ya jujjuya, ya tambaya ko akwai akuya a gidan. Aka ce akwai. Ya ce to magana ta ƙare, ai yawun akuya dafi ne ga shuka, ko lasa ta yi sai ganye ya ƙone. Sauran suka gyaɗa kai, kowa ya kawo labarin ɓarnar da akuya ta taɓa yi masa. Na shigo da tiren shayi a lokacin, na durƙusa na ajiye, na ce, "Baba, ba ita ba ce. Ruwan ne ya yi masa yawa."

Alhaji Ado ya yi dariya, ya ce wa Baba ashe lauya yake reno a gida. Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ruwan alwala ne zai kashe shuka? Tashi ki ba ni wuri." A madafa Umma ta ja kunnena, ba da ƙarfi ba, ta ce ko gaskiya ce da ni ba a gyara wa uba magana a gaban abokansa, yanzu na ɗaure akuyar da bakina. Haka kuwa aka yi. Da a ce shiru na yi, wataƙila da an tsaya a gajarta mata igiya. Amma da yake an ji ni, sayar da ita ya zama dole, don kada a ce maganar yarinya ta yi tasiri.

Bayan tafiyarta ganyen ya ci gaba da zuba, babu akuya ko ɗaya a gidan. Na ƙarshen Umma ce ta taɓa shi da bakin tsintsiya ya fita. Da ta juye tukunyar a bola na ga saiwoyin sun zama kamar jiƙaƙƙen zare, baƙaƙe, suna wari. Ta wanke tukunyar ta mayar da ita mazubin soso da sabulu. Na jira wani ya ce wani abu. Babu wanda ya ce. Wannan shirun ya fi sayar da akuyar ci mini rai, domin hujja ta fito fili a tsakiyar falo, kowa ya gani, kowa ya tsallake ta ya wuce masallaci. Da labari ya kai Gwiwa, Iya ta aiko a gaya wa surukinta wai ta gode, ta ji an sayar da mai rai biyu saboda ganyen da ko miya ba a yi da shi. Ba ta sake ba ni wata ba, ta ce gidanmu ba gidan kiwo ba ne. Wata 'yar uwata ta Roni, wadda Iya ta ba mu awaki tare, kafin mu gama sakandare awakinta sun cika turke.

Yanzu ina da irin furen nan a tagar ɗakina a Kano, kuma na koyi duba ganye kafin yanke hukunci. Tabo fari busasshe a gefen da ke kallon taga, rana ce ta ƙona shi. Ganyen ƙasa guda ya yi rawaya a hankali ya bushe, tsufa ne, ba a yi masa komai. Tabo baƙi mai laushi da ke yaɗuwa, a yanke shi da wuƙa mai tsabta, a nisanta shukar da sauran. Idan kuwa ganye ya faɗi da ɗanyensa daga gindi, ruwa ne ya kwana a tsakiya, ko saiwa ta shaƙe. A daji furen nan a jikin itace yake rayuwa, saiwarsa a iska, shi ya sa ake ba shi ɓawo da gawayi, ana shayar da shi da safe, a bari ya tsane. Mutanen Jos ba su cuci kowa ba.

Bara Baba ya zo ganin likitan ido ya sauka a wurina. Ya tsufa, da sanda yake tafiya. Ya daɗe yana kallon furannin, sannan da aka kira la'asar ya ɗauki buta ya nufi tagar. Na riƙe butar a hankali na ce akwai wurin alwala a banɗaki. Ya sake ta ba musu, ya ƙara duban ganyen, ya ce, "Kin ga naki ya yi kyau. Babu akuya a gidan."

Na buɗe baki, sai na tuna hannun Umma a kunnena, na rufe. A Kazaure an sare lemon tsamin an yi ɗaki a wurin, turken ma siminti ya rufe shi. Furen ina sayen wani duk lokacin da na so. Akuyar Iya ce ba a sayarwa a ko'ina.