Neman Ruwan Sigarin Malam, Daga Gidan Rumji Zuwa Gangara

Rana ta farko: Gidan Rumji zuwa Maradi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka ja ƙofar gida, ni da maigidana Malam Sani tela. Ni ce da jakar kaya, shi da buta. A aljihun rigarsa akwai dalilin tafiyar: sigarin lantarki, baƙi, siriri kamar alƙalami, wanda ruwansa ya ƙare kwana tara da suka wuce.

Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana shan sigari. Da tari na aure shi, cikin tarin nan muka haifi 'ya'ya biyar. Shekara uku da suka wuce babban ɗanmu ya kawo masa wannan abu daga Kano. Ana ɗura masa wani ruwa, a yi masa caji kamar salula, in an zuƙa sai ya fitar da tururi. Da farko na tsane shi, na ce shegantaka ce ta birni. Amma kafin wata biyu tarin asuba ya lafa, Malam ya daina tsayawa hutu a hanyar masallaci, masu kawo ɗinki suka daina cewa kayansu na warin taba.

Sai hukuma ta fara tsanantawa kan sayar da shi. Ni da na yi shekara ashirin da takwas ina koyarwa a lakol, ban ga laifinta ba, don da idona na ga 'yan makaranta suna zuƙar irin mai ƙamshin alewa a bayan katanga. Amma sandar da aka ɗaga don yara ta sauka har kan tsofaffi. Mai butik ɗin da ke kawo ruwan a garinmu ya daina, na Maradi ma suka ce babu. Aka ce mana sai Gazawa, kusa da iyaka. Malam ya ce zai je shi kaɗai. Na ce ƙafarsa ƙafata, tunda ƙanwata Indo tana aure a can, kuma na ga yadda yake kallon teburin mai sigari in mun wuce.

Motar tasha ta cika ƙarfe shida saura, kuɗin mota jikkar sefa ɗaya da rabi kowane mutum. Muka wuce Tibiri rana na fitowa, bakwai da rabi muna Maradi, tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai. Muka karya da ƙosai da kunu. Malam ya tauna goro biyu kafin mu sami wata motar.

Maradi zuwa Gazawa

Tara daidai muka tashi. Direban ɗan barkwanci ne, tun daga tasha yake tsokanar wani Bafillatani da ya rungumo tunkiya. Hatsi ya yi kai a gonaki dama da hagu, ga wake ya shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Bayan Cadawa muka tarar da bariyar, shingen binciken jami'ai. Jandarma ya karɓi katin shaidarmu ya duba, wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, kuma ya ce a buɗe jakunkuna. Idonsa ya faɗa kan aljihun Malam.

"Baba, mi ne ne wannan?"

Malam ya zaro ya miƙa masa da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri. "Nawa ne, ɗana. Kuma ko ɗigo babu a ciki."

Ma'aikacin ya jujjuya shi, ya dube ni, ya dubi furfurar Malam. "Masu kwali-kwali muke nema, ba dattijo da guda ɗaya ba. Amma Baba, da ka bar shi gaba ɗaya."

"Shi ne ya raba ni da wanda ya fi shi sharri," in ji Malam.

Ma'aikacin ya mayar masa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Muka wuce Agye sha ɗaya da kwata, muka sauka Gazawa sha biyu saura kwata, kilomita ɗari da ɗoriya daga Maradi.

Gazawa

Indo ta tarbe mu da fura mai sanyi da dambun zogale. Da ta ji abin da ya kawo mu ta riƙe baki. "Yaya, ke da kika hana mu ko tauna taba-gari kusa da ke, yau ke ce kike yawon neman ta lantarki?" Na ce mata aure ya fi lakol koyar da mutum.

Bayan la'asar mijinta ya raka mu butik ɗin Alhaji Ila, wanda aka ce yana kawo ruwan. Kakanninsa daga Katsina suka zo, kuma rabin kayan shagonsa ta can suke shigowa. Ya sa aka kawo mana kujera da shayi, ya saurari Malam har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Malam, sau biyu aka karɓe mini kaya a hanya. Na ce na bari, ba zan zubar da mutuncina kan kwalabe ba. Ka ga sigari nan, kwali-kwali, ba mai ce mini uffan. In shi kake so yanzu a miƙo maka."

Malam ya kalli kantar sigarin ya daɗe. Ni kuwa ina kallon Malam.

"Akwai wani a kasuwar Gangara gobe," in ji Alhaji. "Amma ban ce ka saya ba. Na dai faɗa maka akwai."

Rana ta biyu: Gangara

Bakwai da rabi muka hau baburan kabu-kabu biyu, jikka ɗaya kowanne. Hanyar rairayi ce, ruwan sama ya yayyanke ta, sau biyu muna sauka mu tura. Tafiyar da aka ce ta minti arba'in ta ci mana awa ɗaya da kwata. Kasuwa ta fara cika, amalanken jakuna sun yi layi, matan Fulani sun jera ƙoren nono a gindin gawo.

Mun sami mutumin a bayan 'yan magani, yana sayar da batir da fitilu. Da Malam ya yi masa magana a hankali, sai ya waiga, ya jawo leda daga ƙarƙashin tabarma. Kwalabe ne na maganin tarin yara da aka wanke, an ɗura wani ruwa mai launin zuma, babu takarda, babu suna. Malam ya karɓi ɗaya da sauri.

Na ce a ba ni in gani. Na buɗe na shinshina, warinsa kamar turare da kananzir.

"Ɗana, wa ya haɗa wannan?"

"Daga can ake kawo shi, Hajiya."

"Mi aka zuba a ciki?"

"Wallahi Allah ya bar wa kansa sani. Amma ana saye."

Na mayar da murfin. Na ce Malam, mu tafi. Sai ya ɗaga mini murya, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba tun da aka ɗaura mana aure.

"Madam, nan ba aji ba ne! Kin san abin da nake ji a ƙirjina kwana goma?"

"Ban sani ba," na ce. "Amma ƙirjin nan ni na yi jinyarsa. Ba zan tsaya ka zuba masa abin da mai sayarwa ma bai sani ba."

Masu wucewa suka fara rage tafiya. Malam ya tsaya da kwalbar a hannu, sannan ya sunkuya ya ajiye ta kan tabarma. Ya ce zai kewaya, in jira shi wajen masu aya.

Minti ashirin ya yi. Tun kafin ya iso na ji warin, warin da na yi shekara uku ban ji a jikinsa ba. Bai dube ni ba. Na yi niyyar magana, sai na ga yadda ya sunkuyar da kai kamar ɗan aji ɗaya da ya fasa allo, dattijo mai jikoki bakwai. Na haɗiye maganar. Na sayi tiya ɗaya ta aya, na ɗebi cikin hannu na zuba masa a aljihu.

"Ka riƙa taunawa a hanya," na ce.

Ƙarfe ɗaya muka koma Gazawa. Duk yinin nan bai ci abin kirki ba. Indo ta yi masa tuwon gero miyar kuka da man shanu, ya taɓa kaɗan ya ture.

Rana ta uku: Agye

Takwas muka yi sallama da Indo, ta cika mana jaka da gyaɗa da daddawa. Na ce wa Malam mu tsaya Agye, ina da ɗaliba Mariyama da ke aikin jinya a likita, wato asibitin garin. Bai yi musu ba. Minti talatin ya kai mu.

Mariyama na ganina ta durƙusa har ƙasa, da farar rigarta da komai. Ta zaunar da Malam, ta sa abin sauraro a ƙirjinsa da bayansa, ta sa shi ya ja numfashi sau da yawa. Shi da kansa ya ba ta labari, har da na jiya, bai rage komai ba.

"Baba, ba zan ce maka na lantarkin lafiya ne ba," in ji ta. "Shi ma yana da nasa. Amma komawa sigari shi ne abin da na fi ji maka tsoro, na kwalbar nan kuwa gara da Madam ta hana. Ka riga ka yi tafiya mai nisa. Sauran kaɗan ne, ko da yake shi ya fi wuya."

Ta rubuta mana sunan wani cingam da ake yi don masu barin taba, ta ce mu tambaya a farmasi a Maradi. Ta ce ya sani ƙwaɗayin yana zuwa ne kamar hadari, ya taso ya wuce, in ya daure minti goma. "Kuma in ya taso kada ka ɓoye. Ka faɗa wa Madam. Mu ma da muna yara in mun faɗa mata gaskiya ba ta dukanmu."

"Ku ke nan," in ji Malam. Karo na farko ke nan da ya yi dariya tun Gangara.

Komawa gida

Mun isa Maradi biyu da rabi. Farmasi biyu suka ce ba su da shi, na uku ya ce zai aiko a kawo daga Yamai, mu dawo bayan mako guda. Huɗu da kwata motar Gidan Rumji ta tashi.

Mun wuce Tibiri kaɗan Malam ya sa hannu cikin hularsa, ya zaro kara biyu na sigari, ya ɗora mini a cinya.

"Uku na saya jiya," ya ce a hankali. "Riƙe."

"In ajiye maka ko in yar?"

Sai da muka wuce ƙauye guda ya amsa. "Ki yar. Amma ba ina gani ba."

Na jira ya juya wajen direba, na murƙushe su na sake ta taga. Shida saura minti goma muka shiga gida, jikoki suka yo kanmu suna neman tsaraba.

Yau kwana goma sha tara da dawowarmu. Cingam ɗin ya iso, Malam ya ce ɗanɗanonsa kamar an tauna barkono da sabulu, amma yana taunawa. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina godiya ga Indo da maigidanta, da Alhaji Ila da bai ruɗe mu ba, da Mariyama da ta rama mini karatun da na koya mata. Ba zan ce muku Malam ya rabu da taba ba, don sau biyu ya zame a kwanakin nan. Amma duka biyun, ban ji a bakin kowa ba, ban kuma shinshino ba. Shi ya baro keken ɗinkinsa da rana tsaka, ya zo ya tsaya a ƙofar madafa yana murza hula, ya ce, "Madam, na zo kawo ƙarar kaina."